Kafin a rushe majami'a, a fara auna inda ta gaza

Tambaya: Ni ce uwar Zumuntar Mata a wata ikilisiya a ƙasar Zuru, an kuma sa ni cikin kwamitin gini. Majami'armu iyayenmu ne suka gina ta da tubali, daga baya aka shafe ta da siminti aka yi rufin kwano. Faɗinta ƙafa 30, tsawonta ƙafa 60. Tun da 'yan'uwa suka fara gudowa daga ƙauyuka saboda rashin tsaro, ranar Lahadi mukan haura 400 har da yara, wasu a waje suke tsayawa. Matasa sun ce a rushe a gina babba mai bene, dattawa sun ce ba a rushe gumin iyaye. Ta yaya za mu gane ko ginin ya daina biya mana bukata?

Amsa: Mama, sannunku da hidima, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Sana'ata zanen gini ce da duba lafiyarsa, kuma irin wannan ja-in-ja tsakanin matasa da dattawa ba baƙon abu ba ne a wurina. Yawanci kowane ɓangare ya riga ya riƙe amsarsa, alhali ba wanda ya ɗauki awo ya auna matsalar. Hukunci naku ne, ku da fasto da shugabannin gundumar ikilisiya. Abin da zan ba ku shi ne hanyar da za ku bi har ku tsaya gaban jama'a da lissafi a hannu.

Ku fara da ƙirga mutane, kuma ku ƙirga su a Lahadin da ba ta da wani biki. Kirsimeti, Ista, godiyar kaka, ɗaurin aure da taron gunduma duk a ajiye su gefe, don ikilisiyar da ta yi gini da awon waɗannan ranaku za ta kwana tana biyan kuɗin wurin da ba kowa a ciki. Masu karɓar baƙi su riƙe littafi na tsawon wata biyu ko uku, wani sashe da rani, wani da damina. Kada su rubuta jimla kawai. A ware maza, mata, yara 'yan ƙasa da shekara 12, tsofaffin da hawa matakala ke ba su wuya, da waɗanda suka tsaya a waje. A rubuta kuma ƙarfe nawa aka cika, don wata majami'ar sai bayan baiko take cika.

Ga lissafin gininku. Ƙafa 30 a 60 kusan murabba'in mita 165 ke nan. Bagadi da wurin mawaƙa da hanyoyin wucewa sukan cinye kamar kashi ɗaya bisa uku, sai ya rage wajen 110. Babban mutum a kan benci yana bukatar faɗin rabin mita, tsakanin benci da benci kuma santimita 90, wato ɗan ƙasa da rabin murabba'in mita ke nan ga kowa. Sai ka samu mutum 240 idan an matsu kafaɗa da kafaɗa. Amma mutanenmu ba haka suke zama ba. Uwa mai goyo tana bukatar wurin kwance zani, mai babbar riga yana cin wurin mutum ɗaya da rabi, kuma masu tsara majami'u sun daɗe da lura cewa da zarar an cike kashi 80 cikin 100 na kujeru, wanda ya leƙo daga ƙofa gani yake ba wuri. Saboda haka ainihin ƙarfin ɗakinku bai wuce manya 200 ba.

Yanzu ku koma kan 400 ɗin nan. In littafi ya nuna 150 daga ciki yara ne, to manyanku 250 ne, kuma abin da kuka rasa ɗakin makarantar Lahadi ne da sujada ta biyu. In kuwa manya kaɗai sun doshi 350, kuma adadin hawa yake yi wata bayan wata, maganar matasa ta sami ƙafar tsayawa. Waɗannan ciwo biyu ne daban, kuɗin maganinsu ma ba kusa ba.

Sai tambayar da kwamitoci ke jin nauyin yi: waɗanda suka ƙaru ɗin nan, zama suka zo yi ko jira? Yawan ikilisiya a jihar nan ya sha canzawa saboda dalilan da ba su shafi wa'azi ba. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka koma Birnin Kebbi da iyalansu, majami'un can suka cika, kuma wannan cikar ta zauna don aikin gwamnati ne ya kawo ta. Ikilisiyar da ke kusa da bariki ko kusa da jami'ar aikin gona ta Zuru kuwa, jama'arta da canjin aiki da hutun ɗalibai take hawa da sauka. Cikar gudun hijira daga yankunan Danko-Wasagu da Sakaba daban take: mutum ya bar gonarsa da kabarin mahaifinsa, zuciyarsa na can. Wasu za su koma ranar da hanya ta buɗe, wasu sun sayi fili, 'ya'yansu sun shiga makaranta, sun zama 'yan gari. Mata ne suka fi kowa sanin wannan, Mama, don ku kuke shiga gidajensu. Ku tambaya cikin hikima, ba da takarda a hannu kamar masu rabon tallafi ba. Kuma a sa mutum ɗaya ko biyu daga cikinsu a kwamitin. Ba daidai ba ne a yi ta shawara a kan mutane suna zaune a bencin baya.

Abu na gaba shi ne mako. Mako sa'a 168 ne, babbar sujada kuwa ba ta wuce uku ko huɗu. Ku ɗauki takarda ku rubuta duk abin da ake yi a harabar daga Litinin zuwa Asabar: addu'ar asuba, koyon waƙa na Zumuntar Mata, mawaƙa, 'yan Sabon Rai, matasa, ajin baftisma, nazarin Littafi Mai Tsarki, zaman dattawa, shawarar masu shirin aure, ajin yaƙi da jahilci in akwai. Gaban kowanne a sa yawan mutane, da inda suke zama, da abin da ke damunsu. A nan ne gaskiya ke fitowa. Za ku tarar ƙungiya biyu na rigima a kan yammacin rana ɗaya, fasto na sauraron matsalar ma'aurata a gindin bishiya inda kowa ke wucewa, kayan kiɗa na kwana a gidan wani don ba ɗaki mai makulli, buhunan dawa da masara na baikon kaka kuma an jibge su bayan bagadi ɓeraye na biki. Babban ɗaki mai bene ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙananan ɗakuna uku da sito suna warwarewa. In har akwai iyalan da ke kwana a majami'ar, ko suka taɓa kwana, a rubuta wannan ma a matsayin aikin ginin, don yana nufin ruwa, makewayi, wurin girki da wurin da mata za su kwana daban.

Iyayen da suka gina muku wannan ɗaki ba su yi kuskure ba. Tun shekarun 1920 da 'yan mishan suka shigo ƙasar Zuru, majami'ar ƙauye ɗaki ɗaya ce: mai wa'azi da muryarsa, littafin waƙoƙi, maza a gefe mata a gefe, sujada ɗaya da Hausa ana juyawa da Dakarci. Ginin ya yi daidai da wannan. Abin da ya canza shi ne an sami lasifika da ganguna da piyano mai lantarki, matasa na son sujadar Turanci, yara sun yi yawa, tsofaffi kuma sun ƙara tsufa.

To, sai lafiyar ginin kansa, kuma nan ne ba a yin ƙuri'a. Bangon tubali yana iya shekaru masu yawa in an tsare masa kai da ƙafa daga ruwa. Ku zagaya bayan an ɗauke ruwan sama ku ga inda ruwa ke kwanciya a gindin bango. Ku ƙwanƙwasa shafen siminti da makulli: inda ya yi ƙarar fanko, siminti ya rabu da ƙasa, danshi na cin tubali daga ciki ba a gani. Bangon gabas za ku fi dubawa, don daga can hadari ke tasowa yana dukansa. Tsaga siririya da ke cikin shafe kawai ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai faɗi a sama siririya a ƙasa, ko wadda ta ratsa har ana ganinta ciki da waje. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan damina. In ta wuce layin, tushe ne ke motsi. A kuma rataya igiya mai nauyi daga saman bango a ga ko ya fara turowa waje, don katakon rufi in ya saki, bango yake turawa.

Wani saurayi ya hau cikin silin da tocila da ƙusa. Katakon da ƙusa ta shige ba wuya, gara ta gama da shi. Ya duba kuma yadda aka ɗaure rufin da bango, don iskar farkon damina ba ta tsinka kwano ɗaya-ɗaya, ɗauke rufin take yi gaba ɗaya in ba a ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri da ta shiga cikin gini ba. In silin ɗin tsohon asbestos ne, kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, ƙurarsa na cutar da huhu.

Maganar bene kuwa, zan faɗa ba kwana-kwana. Ba a ɗora kankaren bene a kan bangon tubali, ba a kuma ɗora shi a kan bangon bulo da ba a tsara tushensa da ginshiƙansa don haka tun farko ba. Benen majami'a ya fi na gida haɗari, don jama'a ce cunkushe, kuma mu ba a zaune muke yabo ba: ana tashi tare, ana taka rawa tare, ginin na amsa kowane taku. A ranar 10 ga Disamba 2016 rufin wata majami'a a Uyo ta jihar Akwa Ibom ya rufta kan jama'a ana tsakiyar biki, a ginin da ba a gama ba, mutane da yawa suka mutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk abin da ya shafi bene ko rufi mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, a nemo injiniyan da ke da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya zana ya sa hannu, ya kuma zo ya ga rodi kafin a zuba kankare. Magini ɗan ikilisiya mai kyakkyawar niyya yana da wurinsa, amma ba shi ne zai ƙayyade kaurin rodi ba. Kankare kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai ƙarfinsa, kuma bai san ranar da aka sa za a keɓe majami'a ba.

Akwai cikar da ba ta yawan mutane ba ce. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, wasu da kuke gani a waje ba wuri suka rasa ba, numfashi suka fita nema. Ku lura ko masu tsayuwa a waje suna raguwa da hunturu. In haka ne, matsalar iska ce. Kwano ba silin yana sauke zafi kai tsaye a kan mutane, fanka kuma zafin take juyawa. Abin da ke aiki shi ne taga ta fuskanci taga a dogayen bangaye biyu, a buɗe ƙananan kafofi can sama kusa da rufi don iska mai zafi ta fice, a sa musu raga saboda jemagu, a tsawaita bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a dasa dogon yaro ta yamma nesa kaɗan da tushe saboda saiwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk ginin da sai da janareto ake iya zama a cikinsa ya zama bashi a wuyan ma'aji. Wannan ya shafi sabon zanen da matasa ke so: tagogin gilashi masu zamewa rabinsu kawai ke buɗewa, ga kyau a hoto, ga gumi a ciki.

Sauti ma haka. Ku zaunar da tsohuwa ɗaya a bencin ƙarshe, bayan sujada ku tambaye ta ayar da aka karanta. In ba ta ji ba, ƙara murya ba ya magani, don bango mai santsi da daɓen siminti da kwano suna mayar da ƙara har magana ta cakuɗe. Ƙananan lasifika huɗu da aka rarraba a jikin bango a sassauta su sun fi manya biyu a gaba suna tsaga kunnen yara. Tulu da caki da kugen Zumuntar Mata ba sa bukatar makirfo a ɗaki irin naku.

Ƙofofi: guda nawa ne, ina suke buɗewa, kuma a buɗe suke lokacin sujada? Na sha ganin majami'a mai ƙofa uku, biyu a garƙame, makulli na aljihun wanda bai zo ba. Ƙofar ɗakin taro waje take buɗewa, don jama'a in sun firgita turawa suke yi. Tagogi duk an sa musu ƙarfen ɓarayi, saboda haka ƙofa ce kaɗai mafita. Bayan harin da aka kai majami'ar Katolika ta Owo a jihar Ondo ranar 5 ga Yuni 2022, ikilisiyoyi da yawa sun ɗaga katanga sun rage ƙofofin shiga, kuma wannan ba laifi ba ne, amma katangar da ke hana shiga tana hana fita in ba a bar ƙaramar ƙofa ta baya ba. Wata Lahadi fasto ya sanar tun da wuri, a gwada fita cikin natsuwa a duba agogo. Inda aka cushe za ku gani da idonku.

Waɗanda ginin ya fi cuta ba sa zuwa taron kwamiti, don sun daina zuwa majami'ar ma. Dattijon da gwiwa ta hana shi hawa matakala uku, mai keken guragu, makaho, matar da ba ta iya riƙe fitsari na sa'a uku kuma makewayin ba ƙofa. Fasto ya san gidajen da yake kai wa Jibin Ubangiji. A tambaye shi nawa ne cikinsu rashin lafiya ta kwantar, nawa ne matakala ta kora. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. Gangaren hawa ba tsada gare shi ba, sai dai a yi shi daidai: kowane tsayin ƙafa ɗaya yana son tsawon ƙafa 12, da abin riƙewa a gefe. Makewayi kuwa a raba na maza da na mata, na mata ya fi yawa, a yi na yara mai ƙaramin baki, ramin kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya.

Kafin a cire kwano ko ɗaya, a fito da takardun fili. Majami'u da yawa a ƙauyukanmu a kan kyautar baki suke zaune: wani kaka ya nuna wuri da sanda, shaidu sun rasu, jikoki kuma sun ga fili ya yi daraja. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, takardar mallakar fili a birni daga gwamna take fitowa, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da ta gargajiya. Takardar ta kasance da sunan amintattun ɗarikar, ba sunan fasto ko wani dattijo ba. Sabon gini yana bukatar amincewar hukumar tsara birane, kuma tsohon da ke tsaye shi ne babbar shaidarku ta zama a wurin. Wanda ya rushe kafin izini ya fito, yana iya wayar gari ba tsoho ba sabo. A gaya wa mai unguwa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, tun kafin tifa ta sauke yashi a bakin ƙofarsu.

In ni ne a kujerarku, kuma bango ya ci jarrabawa, ba zan rushe ba. Zan fara da sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, wadda ba ta cin ko buhun siminti, ko da yake tana cin ƙarfin fasto da mawaƙa, kuma wasu dattawa za su ce an raba iyali. A bar Lahadi ɗaya a wata ta haɗuwa, a kafa rumfa. Sai baranda mai faɗi a dogayen ɓangarori biyu, a buɗe tagogi su zama ƙofofi bisa shawarar injiniya: baranda mai faɗin ƙafa 10 a kowane gefe tana ɗaukar mutane da yawa, tana yi wa bangon tubali laima, ranar mako kuma aji ce. In bayan shekara littafin ƙirga ya nuna har yanzu ana ƙaruwa, a zana sabuwa a gefe in fili ya isa, tsohuwar ta koma ta yara da ta taron mako. Ta haka gumin iyaye na nan yana aiki, matasa kuma sun sami abin da za su sa ƙarfinsu.

Sabuwar ma a zana ta yadda kowane mataki zai amfanu da kansa. Kuɗin ikilisiyar manoma da kaka yake zuwa, shekarar da ba a shiga gona ba kuwa ba ya zuwa. Shi ya sa nake son a fara da ginshiƙai da rufi, a zauna a ƙarƙashi ana sujada, bango ya biyo baya, maimakon a ja bulo har linta a bar rodi na tsatsa shekara da shekaru ba inuwa. Kada a tara siminti da yawa don tsoron tashin farashi, in ya wuce wata uku a sito ƙarfinsa raguwa yake yi, danshin damina kuma na daskarar da shi. Bulo da rodi da kwano sun fi jure ajiya. Kuma duk abin da aka tara a gidauniya, a ware wani kaso na gyaran tsohon ginin, don shi za ku zauna a ciki har a gama.

Aikin rufi da magudanar ruwa a yi shi da rani, kafin hadarin watan Mayu. Haƙan tushe kuwa ya jira bayan girbi, lokacin da ƙasa ta bushe, matasa sun dawo daga gona, ma'aji kuma ya san abin da ke hannunsa.